George Müller: Mutumin da Ya Ciyar da Marayu Dubu Goma Bai Roƙi Kowa Ba

Karatu: Matiyu 6:19-34, 1 Timoti 6:17-19

A wannan wata za mu dubi rayuwar George Müller, bawan Allah da ya yi aikin Ubangiji a birnin Bristol na ƙasar Ingila shekara sittin da shida. A tsawon rayuwarsa ya riƙe marayu 10,024, ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya koya musu karatu da sana'a. Ba shi da albashi, ba shi da gona, ba shi da kanti. Bai taɓa zuwa ƙofar wani attajiri neman taimako ba, bai kuma ci bashi ba. Muna yawan ganin an rubuta a jikin manyan motoci cewa dogara ga Allah jari ne. Wannan mutum ya ɗauki maganar da gaske, ya ɗora rayuwarsa da ta dubban yara a kanta.

Yaron da ya ƙaunaci kuɗi

An haifi George Müller ranar 27 ga Satumba 1805 a ƙauyen Kroppenstedt, cikin masarautar Prussia, ƙauyen kuwa yanzu yana cikin ƙasar Jamus. Mahaifinsa mai karɓar haraji ne na gwamnati. Tun yaron bai kai shekara goma ba ya fara satar kuɗin gwamnati da ke hannun mahaifinsa. Yana da shekara goma sha huɗu mahaifiyarsa ta rasu, a daren kuwa yana can yana caca da abokansa, bai ma san halin da take ciki ba. Yana da shekara goma sha shida ya riƙa sauka a masaukin baƙi masu tsada, ya ci ya sha, sa'an nan ya sulale bai biya ba. A garin Wolfenbüttel aka kama shi, aka jefa shi kurkuku, ya yi sama da mako uku tare da ɓarayi kafin mahaifinsa ya biya bashin, ya fito da shi, ya yi masa dūka.

Duk da wannan hali, mahaifin yana so ɗansa ya zama fasto. Dalilinsa kuwa na duniya ne. A lokacin nan gwamnati ce take biyan fastoci a ƙasarsu, aikin yana da albashi mai kyau da gida da daraja, uban kuma yana fatan ya sami wurin hutawa idan ya tsufa. Haka George ya shiga jami'ar Halle yana karatun tauhidi, alhali bai san Allah ba. Ko a can bai sāke hali ba. Da suka tafi yawon buɗe ido ƙasar Suwizalan da abokansa, suka danƙa masa jakar kuɗin tafiyar, sai ya yi dabara har abokan suka biya wani kaso na kuɗin da ya kamata shi ya biya.

Mu riƙe wannan a zuciya, domin mutumin da za mu ga kuɗi masu yawa sun bi ta hannunsa ba su maƙale ba, a farkonsa ɓarawo ne. Alherin Allah ne ya sāke shi.

Daren da ya ga mutum ya durƙusa

Wata ranar Asabar da yamma, a watan Nuwamba 1825, wani abokinsa mai suna Beta ya kai shi taron addu'a a gidan wani mai bi da ake kira Wagner. Taron ƙarami ne. Suka raira waƙa, suka karanta Littafi Mai Tsarki, aka karanta wa'azin da aka buga a takarda, domin doka ba ta yarda wanda ba a naɗa ba ya yi wa'azi. Sai wani ɗan'uwa ya durƙusa a gwiwoyinsa ya yi addu'a. George ɗalibin tauhidi ne, amma bai taɓa ganin mutum ya durƙusa yana magana da Allah ba, shi kansa ma bai taɓa yi ba. Abin ya taɓa zuciyarsa. Ya koma ɗakinsa da salamar da bai taɓa samu a mashaya ko wurin caca ba. Daga nan ya soma karanta Maganar Allah, ya gane cewa Yesu ya mutu domin zunubansa, ya ba da gaskiya.

Gwaji na farko a kan kuɗi ya zo. George ya gaya wa mahaifinsa cewa yana so ya zama mai kai bishara ƙasashen waje. Uban ya husata, ya yi kuka, ya tuna masa da dukan abin da ya kashe a kan karatunsa. George ya ga bai dace ya ci gaba da karɓar kuɗin uban ba, tun da ba zai cika masa burinsa ba. Ya daina karɓa, ga shi kuwa da sauran shekara biyu a jami'a. Ba da daɗewa ba waɗansu Amurkawa suka zo Halle karatu, ba su jin Jamusanci. Wani malaminsa, Farfesa Tholuck, ya haɗa su da George domin ya koya musu, suka biya shi abin da ya ishe shi har da saura.

A Halle ɗin kuma ya zauna wata biyu a ɗakin da ake ba ɗalibai matalauta kyauta, a cikin babban gidan marayun da August Hermann Francke ya kafa fiye da shekara ɗari kafin lokacin, yana dogara ga Allah. Abin da ya gani a wurin ya zauna masa a rai.

Ya ajiye albashi

A 1829 Müller ya tafi Landan domin ya yi shirin aikin bishara a tsakanin Yahudawa. Ya kamu da rashin lafiya, aka tura shi garin Teignmouth a bakin teku ya huta. A can ya sadu da Henry Craik, wanda ya zama abokin aikinsa fiye da shekara talatin. Wata ƙaramar ikkilisiya mai mutum goma sha takwas ta roƙe shi ya zama fastonta, a kan albashin fam 55 a shekara. Ranar 7 ga Oktoba 1830 ya auri Mary Groves. Ɗan'uwan Mary, Anthony Norris Groves, likitan haƙori ne da ya bar aikinsa mai kawo kuɗi da yawa ya tafi Bagadaza kai bishara ba tare da albashi ba, misalinsa kuma ya yi aiki ƙwarai a zuciyar Müller.

Makonni kaɗan bayan auren, Müller ya fara damuwa da inda albashinsa yake fitowa. A zamanin nan hayar kujeru ake yi a majami'u. Mai kuɗi ya biya ya sami wurin zama mai kyau, talaka kuwa ya zauna a baya. Müller ya karanta Yakubu sura 2, ya ga wannan nuna bambanci ne da Maganar Allah ta hana. Ya soke hayar kujeru, ya ajiye albashinsa, aka sa akwati a majami'a domin duk wanda Allah ya motsa ya sa abin da ya ga dama, ba mai ganinsa. Shi da matarsa suka ƙudura abu uku. Ba za su gaya wa kowa bukatarsu ba sai Allah. Ba za su ci bashi ba, bisa ga Romawa 13:8. Ba kuma za su tara dukiya wa kansu ba, bisa ga Luka 12:33.

Ba a yi wata guda ba kuɗin gidan ya sauko zuwa kimanin sule takwas. Dattawanmu sun san sule, ashirin ne suke yin fam guda. Suka yi addu'a. Bayan 'yan sa'o'i wata 'yar'uwa ta tambaye shi ko yana bukatar kuɗi. Ya tuna mata cewa ya riga ya yi alkawari Ubangiji kaɗai zai riƙa gaya wa. Ta ce ai Ubangijin ne ya sa mata nauyin ta ba shi, ta miƙa masa fam biyu da ɗoriya. Haka suka soma koyon tafiya da Allah, yau da ɗan abu, gobe babu, amma ba su kwana da yunwa ba.

Dalilin gidan marayu

A 1832 Müller da Craik suka koma Bristol, shekarar da annobar kwalara ta afka wa birnin. Suka riƙa shiga gidajen marasa lafiya suna addu'a da su. A 1834 suka kafa wata ƙungiya domin buɗe makarantu, da raba Littafi Mai Tsarki, da tallafa wa masu kai bishara. Marayu kuwa sun cika tituna. Yaron da ya rasa uwa da uba a Ingila ta wancan lokaci, in ba shi da dangi, ƙarshensa bara, ko gidan aikin dole da gwamnati ta tanada wa matalauta, wurin da kowa yake tsoro.

Müller ya ji tausayin yaran nan, amma ya bayyana sarai cewa akwai dalilin da ya fi wannan girma. A ziyarar da yake yi gida gida ya ga yadda tsoron talauci ya ɗaure 'ya'yan Allah. Ya ga ɗan'uwa da yake aiki sa'a goma sha huɗu har goma sha shida a rana, jikinsa ya lalace, ba shi da lokacin addu'a, yana tsoro in ya rage aiki iyalinsa za su rasa abinci. Ya ga tsofaffi masu bi da fargabar tsufa ta hana su barci. Ya ga 'yan kasuwa Kirista suna ha'inci kamar kowa, suna cewa in ba haka ba ciniki ba zai tafi ba. Dukansu sun san ayoyin alkawari, amma a ransu suna gani kamar Allah mai tanadi na zamanin Iliya ne kawai. Sai Müller ya yi tunani cewa idan shi, matalauci, baƙo a ƙasar, zai iya riƙe gidan marayu ta wurin addu'a kaɗai, ba tare da ya roƙi kowa ba, wannan zai zama shaidar da ido zai gani cewa Allah yana nan da rai, yana kuma jin addu'a har yau.

A watan Disamba 1835, yana karanta Zabura 81, aya ta 10 ta kama zuciyarsa, inda Allah yake kiran mutanensa su roƙa da yawa. Ya durƙusa ya roƙi gida, da fam 1,000, da ma'aikatan da za su lura da yara. Kyauta ta farko da ta zo sule guda ce. Aka kawo babban kabad na ajiye tufafi. Waɗansu suka kawo kwanoni da cokula. Sai wata mata mai ɗinki, mara ƙoshin lafiya, wadda abin da take samu a mako bai kai sule huɗu ba, ta kawo fam 100 daga ɗan gādon da ta samu. Müller bai yi hanzarin karɓa ba. Ya zauna da ita ya yi mata tambayoyi, domin ya tabbata ba cikin zafin zuciya ta yi ba, kada ta yi da-na-sani daga baya. Da ya ga ta riga ta yanke shawara a gaban Ubangiji, sa'an nan ya karɓa.

Da aka sa ranar karɓar sunayen marayu, ya zauna yana jira, ba wanda ya zo. Ya koma gida da nauyin zuciya, sai ya tuna ya yi addu'a domin gida da kuɗi da kaya da ma'aikata, amma bai roƙi Allah ya aiko da yaran ba, domin yana ganin wannan ba sai an roƙa ba. Ya ƙasƙantar da kansa ya roƙa. Kashegari aka kawo sunan yarinya ta farko. A watan Afrilu 1836 aka buɗe gida mai lamba 6 a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata talatin. Kafin ƙarshen 1837 gidajen sun zama uku.

Shekarun abincin yau da kullum

Daga 1838 aikin ya shiga shekaru na matsi. Sau da yawa gari yakan waye babu kuɗin abincin rana. Wani lokaci a ci na rana ba a san inda na dare zai fito ba. Müller ya tara ma'aikatan gidajen ya gaya musu halin da ake ciki domin su yi addu'a tare, da sharaɗin maganar ba za ta fita waje ba. Waɗansunsu suka ba da ɗan abin da suke da shi.

Wata rana a watan Satumba 1838 kuɗi ya ƙare ƙaf, har suna shawarar sayar da kayan da ba a bukata sosai. Da yamma wata mata daga Landan ta kawo fam uku da 'yan kai da 'yarta ta aiko. Ashe matar ta yi kwanaki tana zaune a gidan da yake kusa da na marayun, kuɗin yana hannunta. Müller ya lura da wannan ƙwarai. Taimakon yana maƙwabta tun kafin su fara kuka, amma Allah ya bar su su yi addu'a, su jira, domin bangaskiyarsu ta yi ƙarfi.

Akwai kuma labarin da aka fi bayarwa, wanda 'yar wani abokin aikinsa ta ba da bayan ta girma. Wata safiya yara suka zauna a tebur, kwanoni babu kome. Müller ya yi godiya ga Allah domin abincin da zai bayar. Sai ga mai gasa burodi a ƙofa, ya kasa barci da dare, ya tashi ya gasa musu burodi. Bayansa kuma keken mai sayar da madara ya lalace daidai ƙofar gidan, ya ba yaran madarar domin ya sami damar gyara kekensa.

Kowace shekara Müller yakan buga rahoton abin da ya shigo da yadda aka kashe shi, yakan kuma ba da rasit a kan kowace kyauta. Kuɗin da aka bayar domin marayu ba ya taɓa shi domin wani aiki ko domin kansa. A ƙarshen 1841, da talauci ya yi tsanani, lokacin buga rahoto ya yi. Ya san rahoton yakan motsa mutane su bayar. Saboda haka shi da abokan aikinsa suka ɗaga buga shi, kada wani ya ce sun yi amfani da shi wajen roƙo a fakaice. Watannin da suka biyo baya sun yi wuya, amma yaran ba su rasa abinci ko sau ɗaya ba.

Gidaje biyar a kan tudu

A 1845 gidajen haya sun zama huɗu, maƙwabta kuma suka fara gunaguni saboda hayaniyar yara. Müller ya ga suna da gaskiya, ya fara addu'a domin a gina wuri a bayan gari. Ya sami fili wajen eka bakwai a tudun Ashley Down. Mai filin yana neman fam 200 a kan kowace eka, amma ya farka da tsakar dare ya kasa komawa barci, har ya yanke shawara ya sayar wa marayu a kan fam 120. Müller bai sa tubali ko ɗaya ba sai da kuɗin ginin duka ya shigo hannu. A 1849 aka buɗe gida na farko mai ɗaukar yara 300. Na biyu ya biyo baya a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870. Gaba ɗaya suna ɗaukar yara 2,050, ginin ya ci fiye da fam 100,000, babu bashin kwabo a kai.

A ƙarshen 1857, da sanyin hunturu ya shigo, tukunyar da take ɗumama gida na farko ta fara yoyo. Kafin a gyara dole a kashe wuta, ga yara 300 a ciki, har da ƙanana. Aka sa ranar aiki, sai iskar arewa mai tsananin sanyi ta taso. Müller ya kira masu gyara, ya kuma roƙi Allah abu biyu, ya juya iskar, ya kuma ba ma'aikatan zuciyar aiki kamar ta mutanen Nehemiya. A ranar da aka kashe wutar iska ta juyo daga kudu, gari ya yi ɗumi. Da yamma ma'aikatan da kansu suka ce sun fi so su kwana suna aiki. Aka gama gyaran, yaran ba su sha sanyi ba. Mu lura, bai zauna yana jiran tukunya ta gyara kanta ba. Ya yi abin da yake hannunsa, ya bar wa Allah abin da ya fi ƙarfinsa.

'Yan mata sukan zauna a gidajen har shekara goma sha bakwai, 'yan maza kuwa a kai su koyon sana'a wajen shekara goma sha huɗu. Karatun da ake ba su yana da kyau har waɗansu suka zarge shi da ɗaga 'ya'yan talakawa sama da matsayinsu. Kowane yaro da zai fita, akan ba shi akwati da tufafi da Littafi Mai Tsarki, a yi masa addu'a. Bayan marayu, aikin ya riƙe makarantu da yawa, ya kuma tallafa wa masu kai bishara a ƙasashe dabam dabam. Lokacin da Hudson Taylor da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka shiga matsi, Müller ya riƙa aika musu da kuɗi a kai a kai.

Gwajin yalwa da gwajin rashi

Mutum yakan iya dogara ga Allah sa'ad da ba shi da kome, domin ba shi da wani abin kamawa. Gwajin ya fi wuya idan abin hannu ya samu. A 1856 wani mutumin kirki ya aiko wa Müller fam 100, yana so a fara tara masa asusun da zai ci da iyalinsa idan ya tsufa. Müller ya gode masa, amma ya ƙi karɓa da wannan nufi. Ya ga abin zai iya janye zuciyarsa daga dogara ga Allah zuwa dogara ga asusu, shi kuwa ya riga ya ɗanɗana amincin Ubangiji shekara ashirin da shida ba tare da ajiya ba.

Bangaskiyarsa kuma ba ta tsare shi daga hawaye ba. Ɗansa Iliya ya mutu yana jariri a 1835. Ranar 6 ga Fabrairu 1870 Mary ta rasu bayan shekara talatin da tara da aurensu. Ya yi addu'a domin ta warke, ba ta warke ba. Kafin ta cika ya karanta mata Zabura 84:11, ya kwantar da ransa a kan cewa in warkewa ita ce mafi alheri gare su, Allah ba zai hana ba. Shi da kansa ya yi wa'azin jana'izarta daga Zabura 119:68, yana shaida nagartar Allah a cikin ba shi ita, da barinta tare da shi shekaru masu yawa, da kuma ɗauke ta. 'Yarsa Lidiya ta riga shi mutuwa a 1890, matarsa ta biyu Susannah kuma a 1894.

Yana dab da cika shekara saba'in, a 1875, ya fara tafiye-tafiyen wa'azi. Cikin shekara goma sha bakwai ya zaga ƙasashe 42, har da Amurka, Masar, Indiya, Sin, Japan da Ostareliya. Ranar 10 ga Maris 1898 ya huta cikin Ubangiji yana da shekara casa'in da biyu, bayan ya bi da taron addu'a a daren da ya wuce. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka cika titunan Bristol. Marayun da ya raina su ne suka haɗa kuɗin dutsen kabarinsa.

Kusan fam miliyan ɗaya da rabi ne suka bi ta hannunsa domin aikin Allah. Daga kyautar da mutane suka ba shi domin bukatar kansa, an gano ya bayar da fiye da fam 81,000. Da aka ƙidaya abin da ya bari, bai wuce kimanin fam 160 ba, yawancinsa kuma kimar littattafai ne da kayan ɗaki.

Abin da rayuwarsa take faɗa mana

Mutane sukan ce wa Müller Allah ya ba shi wata baiwar bangaskiya ta musamman, irin wadda aka ambata a 1 Korantiyawa 12. Ya ƙi yarda da wannan. Ya nace cewa bangaskiyarsa irin ta kowane mai bi ce, tana tsaye a kan alkawaran da aka rubuta wa dukanmu, ta kuma yi girma ne ta wurin gwaji. Bai ce kowa ya bar aikinsa ko ya buɗe gidan marayu ba. Ya koyar cewa manomi ya yi noma, ɗan kasuwa ya yi ciniki da gaskiya, ma'aikaci ya yi aikinsa, kowa kuma ya riƙa bayarwa gwargwadon yadda Allah ya wadata shi. Abin da ya yi yaƙi da shi shi ne zuciyar da ta jingina ga abin hannu.

Mu da muka gaskata cewa Allah yana yin al'ajibai har yau, ya kamata mu bincika kanmu a nan. Yana da sauƙi mu mai da addu'a hanyar tara kaya, mu riƙa auna albarka da mota da gida da tufafi, har ɗan'uwan da ba shi da su ya ji kunyar ba da shaida. Müller ya roƙi kuɗi a wurin Allah kusan kowace rana, Allah kuma ya ba shi, amma kuɗin ya wuce zuwa bakin marayu. In da yawan abin da mutum ya tara ne ma'aunin bangaskiya, da sai mu ce wannan bawan Allah ya kāsa.

Ga wanda yake cikin rashi yau, kuɗin makaranta ya yi, kuɗin haya ya yi, hatsi ya ƙare a rumbu, rayuwar Müller tana cewa Uban da yake ciyar da tsuntsaye ya san bukatarka. Kada tsoro ya kai ka ga ha'inci a mudu, ko cin hanci, ko bashin da ka san ba za ka iya biya ba. Ga wanda Allah ya buɗa masa kuwa, manzo Bulus ya gargaɗi masu arziki kada su sa begensu ga dukiya, domin ba ta da tabbas. Ka tambayi kanka, in aka ɗauke asusun nan gobe, salamarka za ta tafi tare da shi? Ka kuma duba kewaye da kai. Akwai marayu da gwauraye a cikin ikkilisiyarmu, wataƙila amsar addu'arsu tana aljihunka, kamar yadda kuɗin nan ya yi kwanaki a hannun matar da take maƙwabtaka da gidan marayu.

Müller ya karanta Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe fiye da sau ɗari. Kowace safiya yakan fara da Maganar Allah, yana tunani a kanta har ransa ya yi farin ciki cikin Ubangiji, sa'an nan ya kawo roƙe-roƙensa. Daga nan ƙarfinsa yake fitowa. Ba za mu iya dogara ga wanda ba mu sani ba, ba kuwa za mu san shi ba in Littafinsa yana rufe. A wannan mako ka ɗauki bukata guda da take damunka, ka nemi alkawarin Allah da ya shafe ta, ka rubuta ranar da ka fara roƙo, ka ci gaba da aikinka da gaskiya, ka jira shi.

Addu'a

Ya Uba na sama, Uban marayu, kai ne ka ciyar da yaran Bristol, kai ne kuma Allahnmu yau. Ka gafarta mana inda muka dogara ga abin hannunmu fiye da kai. Ka cire mana tsoron gobe. In muna cikin rashi, ka tsare mu daga hanyar rashin gaskiya. In muna cikin yalwa, ka buɗe hannuwanmu ga mabukata. Bari Ruhu Mai Tsarki ya koya mana mu gamsu da kai. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.